Yadda Ake Samun Bes Mai Daɗi a Falo da Wufa

Yawancin masu sayen wufa, wato akwatin lasifika mai fitar da sauti mai kauri, suna ɗauka cewa da zarar an ajiye akwatin a falo, an jona waya, an murɗa maɓallin ƙara zuwa ƙarshe, aiki ya kammala. Bayan kwana biyu sai ka tarar gilashin taga yana kakkarwa, kwanukan da ke cikin kabad suna amsawa, maƙwabci yana ƙwanƙwasa ƙofa, alhali wanda yake zaune a kan kujera bai ji kiɗan ya ƙara daɗi ba, sai wani gunji guda ɗaya da yake maimaita kansa a kowace waƙa. Na daɗe ina haɗa kayan sauti a gidana da gidajen 'yan'uwa, kuma abin da na tabbatar shi ne ɗakin da aka sa wufa a ciki da wurin da aka ajiye ta sun fi girmanta da tsadarta tasiri a kan abin da kunne zai ji.

Ana auna sauti da yawan kaɗawar da iska take yi a cikin sakan ɗaya, kuma ana rubuta ma'aunin da haruffan Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Abin da muke kira bes shi ne sautin da ke can ƙasa, mai kauri, irin na tambari ko na babbar ganga, wanda mutum yake ji a ƙirjinsa kamar yadda yake jin sa a kunne. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana ba da 41 Hz, maɓallin ƙarshe na fiyano kuma yana sauka zuwa 27.5 Hz. Matsakaitan lasifikun da ake ɗorawa a kan kanta galibi ƙarfinsu yana fara raguwa daga wajen 60 Hz ko 50 Hz, ƙanana kuwa tun daga 100 Hz suke gazawa. Aikin wufa shi ne ta cike wannan gurbi daga inda lasifikun suka tsaya zuwa ƙasa, ba tare da ta shiga gonar da ba tata ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka duba wayoyin lasifikun da kake da su. Idan aka juya wayar lasifika ɗaya, ja ya tafi wurin baƙi, to lokacin da takardar ɗaya, wato faifan da ke kaɗawa a gaban lasifika, take turo iska waje, ta ɗayar tana janye ta ciki, sai bes ɗin ya kashe kansa a tsakiyar ɗaki. Na ga wanda ya kusa sayen wufa saboda wannan kuskure kaɗai. Idan alamun da ke jikin wayar sun goge, ka cire ta daga amfilifaya, ka taɓa bakinta biyu a jikin ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan. Idan takardar lasifikar ta motso waje, wayar da ke ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ta ja. Haka kuma matso da lasifikun kusa da bango yana ƙara musu kauri, kuma wani lokaci wannan ya ishi ƙaramin ɗaki.

Idan ka yanke shawarar saye, ka nemi wufa mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa wuta kai tsaye, domin ita ce take zuwa da maɓallan daidaitawa a bayanta. Bes aikin tura iska ne mai yawa, kuma duk lokacin da sauti ya sauka zuwa rabin yawan kaɗawarsa, misali daga 80 Hz zuwa 40 Hz, sai takardar lasifika ta yi tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Shi ya sa faɗi yake da muhimmanci: takarda mai inci 12 ta ninka mai inci 8 a fili fiye da sau biyu. Mai inci 8 ko 10 ta ishi ɗakin kwana, falo babba kuwa ya fi dacewa da mai inci 12. Akwatunan iri biyu ne. Akwai rufaffe ruf, wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali yayin da sauti yake sauka. Akwai mai rami, wanda ya fi ƙara da wuta ɗaya, amma da zarar sauti ya sauka ƙasa da inda aka tsara ramin sai ya yanke da sauri. Ni dai na fi son rufaffe a ƙaramin ɗakin bulo da siminti, saboda irin wannan ɗaki da kansa yana ƙara wa bes ƙarfi, kuma akwati mai rami yakan yi masa yawa.

Kada lambobin da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali su ruɗe ka. Idan ka ga an rubuta wat 5,000 da haruffan PMPO a gefe, wannan lamba ce ta talla wadda ba ta da tsayayyen ma'auni. Wadda za ka nema ita ce mai haruffan RMS, kuma hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja daga soket, domin abin da yake shan wat 60 ba zai iya ci gaba da fitar da wat dubbai ba. Ka kuma sani cewa ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wuta ninki goma. Wanda zai sayi ta gwanjo, a Sabon Gari ta Kano ko a Alaba ta Legas, ya cire murfin gaba ya duba zoben da ya kewaye takardar, domin na soso yana ruɓewa da zafi da tsufa. Ya danna takardar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta, idan ya ji gurzawa to koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, ya taɓu. Sannan ya karanta bolt ɗin da aka rubuta a baya, saboda kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce, kuma jona su ba tare da taransifoma mai rage wuta ba yana ƙona su nan take.

Jonawa ba ta da wahala. Idan amfilifayarka tana da ramin da aka rubuta Sub Out ko Pre Out, waya mai kan RCA ita ce za ta haɗa ta da wufa. Idan tsohuwar amfilifaya ce wadda ba ta da wannan rami, ka nemi wufa mai wurin karɓar wayar lasifika, wanda ake rubuta High Level ko Speaker Level a kansa, ka ja ƙarin waya daga inda wayoyin lasifikunka suke fita, ja da ja, baƙi da baƙi. Wannan hanya ba ta ɗora wa amfilifaya wani nauyi, domin wufar sigina kawai take ɗauka. Sai dai akwai amfilifayoyin da ba a yarda a haɗa baƙaƙen ramukansu na hagu da dama wuri ɗaya ba, don haka ka karanta littafin na'urarka kafin ka bi wannan hanya.

Yanzu sai maganar ɗaki, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a fahimta da kyau. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, saboda haka tsawon igiyar sauti mai 40 Hz ya haura mita 8, na 80 Hz kuma ya ɗan wuce mita 4. Waɗannan igiyoyi sun kai girman ɗakin ko sun fi shi, don haka sukan bugi bango su dawo su gamu da masu tahowa. A wasu wurare sai su haɗu su ninka ƙarfi, a wasu wuraren su kashe juna har ka rantse an kashe wufar. Ana iya lissafa sautin da ɗaki zai riƙe: ka raba 343 da ninki biyu na tazarar da ke tsakanin bango da bango. Falo mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 zai riƙe sauti a wajen 34 Hz da 43 Hz, silin mai tsayin mita 3 kuma ya ƙara nasa a wajen 57 Hz. Ɗakin nan namu na ƙafa 12 da ƙafa 12 shi ya fi wahala, domin tsawonsa da faɗinsa duka suna riƙe sauti ɗaya, kusan 47 Hz, sai gunjin ya taru a wuri guda. Ginin bulo da siminti da daɓen tayil yana ƙara tsananta lamarin, saboda bango mai tauri yana mayar da kusan dukan bes ɗin cikin ɗaki, saɓanin bangon katako da allo wanda yake barin wani kaso ya fice.

Abin da wannan lissafi yake koyarwa a aikace shi ne wurin zama yana da tasiri kamar wurin wufa. A tsakiyar ɗaki daidai ne sautin da muka lissafa ɗakin yake riƙewa yake mutuwa, a jikin bango kuma yake kumbura. Mu kuwa al'adarmu ita ce jera kujeru a jikin bango, shi ya sa wanda yake zaune yake jin gunji, wanda ya miƙe ya tsaya a tsakiyar falo kuma ya ce bes ɗin ya yi kaɗan. Idan tsarin gidan ya ba da dama, ka janyo kujerar da ka fi zama a kai daga bango ko da rabin mita ne, kuma ka guji tsakiyar ɗakin.

Hanyar da ta fi dacewa wajen gano mazaunin wufa ba ta bukatar kuɗi, sai dai haƙuri da gwiwa. Ka ɗauki wufar ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, a daidai inda kanka yake kasancewa gwargwadon iko, ka jona ta da doguwar waya. Ka sa waƙa wadda bes ɗinta yake hawa yana sauka a kan sautuka daban-daban, ka maimaita sashe ɗaya. Sannan ka durƙusa ka yi rarrafe a gefen bangon ɗakin, kanka kusa da ƙasa, kana sauraro a duk wurin da zai yiwu a ajiye akwatin. Za ka yi mamakin yadda taku biyu yake canza komai. Kada ka zaɓi inda ya fi ƙara. Ka nemi inda kowane sauti yake fitowa da ƙarfi kusan ɗaya, kana iya bin tafiyar jitar bes ɗin daga sama har ƙasa ba tare da wani ya ɓace ko wani ya danne sauran ba. Ka sa alama a wuri biyu ko uku, ka mayar da wufar can, ka zauna a kujerarka ka gwada kowanne. Dalilin da wannan dabara take aiki shi ne hanyar da sauti yake bi daga kujera zuwa wancan wuri ita ce dai yake bi idan aka juya.

Kusurwar ɗaki tana ba da ƙara mafi yawa, kuma ƙaramar wufa a babban falo takan amfana da ita, amma tana tayar da dukan sautukan da ɗakin yake riƙewa, don haka a ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya ba na ba da shawararta. Idan rarrafen ya nuna maka wurare biyu masu kyau, ka fifita wanda yake gaba, kusa da lasifikun. Idan akwatin mai rami ne a baya, ka bar tazara tsakaninsa da bango don iska ta samu hanya, kuma kada ka cusa shi cikin kabad ko ƙarƙashin teburin talabijin mai ƙofar gilashi.

Bayan an samu wuri sai a koma kan maɓallan baya. Na farko shi ne wanda aka rubuta Crossover ko Low Pass, wato mararrabar da wufa take karɓar aiki daga lasifiku. Kamfanin THX, wanda aka kafa a 1983 don tsara ingancin sauti a gidajen sinima, shi ya yaɗa amfani da 80 Hz a matsayin mararraba a kayan gida, kuma dalilin mai ƙarfi ne: ƙasa da wannan, kunne yana shan wahala wajen gane daga ina sauti yake fitowa. Idan amfilifayarka tana iya yanke bes daga lasifikun ta tura wa wufa, ka sa ta a 80 Hz, ka murɗa maɓallin wufar zuwa ƙarshe ko ka jona ta ramin da aka rubuta LFE a bayan wufar, don kada a tace sautin sau biyu. Wannan yana sauke wa lasifikun nauyi, muryoyi su ƙara fitowa tas. Idan kuwa lasifikun suna karɓar dukan sauti ba yankewa, ka fara da sa maɓallin a daidai inda ƙarfinsu yake ƙarewa, misali 60 Hz ga matsakaita, 40 Hz ko 50 Hz ga dogaye masu tsayuwa a ƙasa. Ƙananan lasifiku irin na hom tiyata suna tilasta a hau zuwa 120 Hz, kuma a wannan hali dole wufar ta zauna a gaba tsakaninsu, in ba haka ba kunne zai riƙa nuna inda take.

Na biyu shi ne maɓallin Phase, mai lamba 0 da 180, wanda yake daidaita lokacin da takardar wufa take turowa da lokacin da ta lasifiku take turowa. Ka zauna a kujerarka, ka sa sautin gwaji daidai da mararrabar da ka zaɓa, wanda ake samu a manhajojin waya kyauta, ka sa wani ya riƙa juya maɓallin. Ka bar shi a inda sautin ya fi cika. Idan ba ka ji bambanci ba, ka bar shi a 0.

Na uku shi ne ƙara, kuma a nan ne kusan kowa yake wuce gona da iri. Ka fara daga ƙasa, ka riƙa ƙarawa har ka fara jin wufar a matsayin wani abu daban, sannan ka ɗan rage. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne muryar namiji mai karanta labarai a rediyo: idan muryar ta yi kauri kamar daga cikin randa take fitowa, ko kana jin ta daga akwatin wufa, to ƙarar ta yi yawa ko mararrabar ta yi sama. Daidaitacciyar wufa ba a lura da ita sai an kashe ta, a lokacin ne za ka ji kiɗan ya rame. Ka yi wannan daidaitawa a ƙarar da ka saba sauraro, domin tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a dakunan binciken Bell cewa kunne yana rage jin bes idan aka rage ƙara, saboda haka abin da ya yi daidai da rana zai iya zama kamar ya yi kaɗan da dare. Idan amfilifayarka tana da maɓallin Loudness, amfaninsa ke nan, amma ka kashe shi, ka kuma mayar da maɓallin bes na amfilifaya tsakiya, kafin ka fara daidaita wufa.

Wanda yake son ya ga abin da kunnensa yake ji zai iya sauke manhajar Room EQ Wizard a kwamfuta, kyauta ce, ya haɗa ta da makirufon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP. Za ta zana masa inda sauti ya yi tudu da inda ya yi kwari. Manyan amfilifayoyin zamani ma suna zuwa da nasu tsarin, kamar Audyssey a Denon da Marantz, da YPAO a Yamaha. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce ana rage tudu, amma ba a cike kwari da ƙarin wuta, domin inda igiyoyi suke kashe juna, duk ƙarfin da ka ƙara wa mai tafiya ka ƙara wa mai dawowa, sai dai koyil ya yi zafi a banza. Kwari ana magance shi ne da matsar da wufa ko kujera, ko kuma da wufa ta biyu. Binciken da Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar a 2002 ya nuna cewa wufa biyu a tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna suna daidaita bes a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya. A falon da iyali suke taruwa, matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya amfani.

Kafet da labule suna rage amsa-kuwwar muryoyi, kuma suna da kyau a ɗakin tayil, amma ba sa taɓa sauti mai tsawon mita 7, haka ma siririn soso ko kwalin ƙwai da wasu suke mannawa a bango. Abin da za ka iya gyarawa da hannunka shi ne ƙarar kayan ɗaki. Ka sa sautin gwaji mai sauka a hankali daga 120 Hz zuwa 30 Hz, ka bi duk abin da ya amsa, ko gilashin taga ne, ko hoton bango, ko silin roba, ko faranti a kabad, ka toshe shi da ɗan roba ko tsumma. A gidan bene, shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin wufa yana rage girgizar da take shiga daɓe. Duk da haka bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti, kuma maƙwabcin da ke gidan haya ɗaya da kai gunjin kaɗai yake ji, babu waƙar. Ka shiga ɗakinsa sau ɗaya da izininsa ka ji da kunnenka, ka san iyakar da za ka tsaya, musamman da dare da lokutan salla.

Saura maganar wuta. Idan kana jin wani gurnani mara yankewa ko da ba a kunna waƙa ba, wannan sautin wutar soket ne mai 50 Hz. Ka zare wayar RCA daga bayan wufar. Idan gurnanin ya ci gaba, matsalar tana cikin wufar ko a wutar da take sha, kuma inbata mai arha wadda ba ta fitar da wuta mai santsi tana yawan jawo haka. Idan ya tsaya, to ta wayar yake shigowa, kuma sau da yawa wayar dish da ta shiga dikoda ce sanadi. Ka jona amfilifaya da wufa da talabijin a mahaɗar soket guda, ka raba wayar sigina da wayar wuta, kuma kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don neman shiru, domin ita ce take kare ka daga jan wuta. Sitabilaiza mai isasshen ƙarfi tana da amfani a inda wuta take hawa da sauka, kuma idan aka ɗauke wuta ko za a tayar da janareta, ka kashe wufar daga soket har wutar ta zauna. Wajen kunnawa, ita ce ta ƙarshe, wajen kashewa kuma ita ce ta farko. A lokacin hunturu ka riƙa goge ƙurar da take taruwa a ƙarfen bayanta, saboda ta nan zafin amfilifayar yake fita, ka kuma leƙa ramin akwatin lokaci-lokaci, domin ɓeraye da kyankyasai suna son sa.

Idan ka gama, ka yi mako guda kana sauraron waƙoƙi iri-iri da fina-finai kafin ka sake taɓa komai, domin a ranar farko kusan kowa yakan bar ƙarar sama da yadda ya kamata, sai daga baya ya rage. Da ka gamsu, ka sa alamar biro a kan kowane maɓalli, ka manna ɗan salatif a daɓe a kusurwoyin akwatin, ka ɗauki hoton bayansa da wayarka, domin masu shara za su matsar da shi, yara kuma za su murɗa maɓallan.